Sallah Huɗu a Kan Duwatsun Indiya

Ni malamin labarin ƙasa ne. Gara in faɗi wannan tun da farko, don kada wani ya tashi nema mani uzuri in ya ji abin da na yi. A lokacin da abin ya faru shekarata uku ina koyarwa a wata sakandare a nan Katsina, kuma babu makon da zai wuce ban zana taswirar duniya a allo ba, da ka, ko littafi ba na dubawa. Har wani ji da kai nake yi in na ga yara sun saki baki suna kallo.

Shekarun kuɗin mai ne. An ƙara albashi, kowa ya sayi babur, masu ɗan hali suka sa firji a inda baƙo zai gani. Surukina, mahaifin matata, ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙofar Durbi. Shi ya lura cewa mata sun gaji da turmi da dutsen niƙa, duk unguwar da aka kafa inji sai ka ga kwanoni sun yi layi har bakin titi. Ya ji labari cewa a Indiya ake ƙera injunan, kuma wanda ya je da ƙafarsa zai zaɓo masu kyau. Matsalarsa ɗaya, ba ya jin Turanci. Sai ya aiko a ce in shirya in raka shi idan an yi hutu.

Da na ce ya aiko, ga yadda aiken ya zo: ya faɗa wa Hajiya matarsa, Hajiya ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mani. Tsakanin gidansa da nawa kuwa tafiyar minti biyar ce. Haka muke. Shekara ɗaya da rabi da aurena, amma in ka cire gaisuwa babu wata magana da ta taɓa haɗa mu. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin zaure in ce, “Baba, an wuni lafiya?” Shi kuma ya ce, “Malam, ya makaranta?” Shi ke nan. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Akwai wani ɗalibi mai sunansa a ajina, har ya gama makarantar ban kira shi da sunan ba. In na hango Alhaji a lungu ina kan babur, juyawa nake yi kamar na yi mantuwa a gida.

Na kuma san bai ɗauke ni wani abu ba. Shi ya so ɗiyarsa ta auri wanda zai ɗaga buhu ya faɗi mudu nawa ne a ciki. Maganar da ya yi lokacin neman aure ta dawo kunnena, wai ɗan boko in ka ƙwace mashi alli ka gama da shi. Ta yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba. Don haka tafiyar nan na ɗaure mata ɗamara, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai mutumin nan ya san ina da amfani.

Daga Kano muka tashi. Kayan Alhaji buta ce, da darduma biyu, da goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen algarara, da kilishi, da kwalbar yaji. A jirgi kujerarmu ɗaya kusa da ɗaya. Duk abincin da aka kawo na ce na ƙoshi, alhali cikina sai ƙugi yake.

Mun sauka, muka yi doguwar tafiya a mota zuwa wani garin maƙera a arewacin ƙasar, muka isa da hantsi. Garin masu rawani da gemu ne, amma ba Musulmi ba ne. Ban ga masallaci ba, ban ji kiran sallah ba. Muna ajiye kaya a masauki Alhaji ya ƙwanƙwasa ɗakina, buta a hannu.

“Malam, kai ka san ƙasa. Ina alƙibla a nan?”

Ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mani wadda ke bukatar amsa. Na fita tsakar gidan, na dubi rana, na dubi inuwata, na miƙa hannu wajen da ranar ta fito. Ko ɗar ban ji ba. Tun ina ɗan shekara bakwai a bayan mahaifina, can nake kallo in na tsaya sallah, haka duk wanda na sani. Indiya kuwa gabas take da Makka, wanda ke can sai ya dubi mafaɗar rana. Na san wannan, na ma taɓa koyar da shi. Amma a ranar ko kusa bai faɗo mani ba, hannuna ne kawai ya tafi inda ya saba.

Kwana biyu muka yi ana ciniki a wata masana'antar injuna. Mai masana'antar wani ƙato ne mai yawan dariya, ya faɗi magana in juya wa Alhaji, Alhaji ya faɗi tasa in juya mashi, in ɗan rage mata kaifi a hanya. Da aka daidaita, sai ya ce ɗaure injunan a akwatuna zai ci kusan mako, kuma zafin garinsu ba na baƙo ba ne. Ya ba mu mota da direba, ya ce a kai mu wani gari a kan duwatsun Himalaya inda mutanensu ke zuwa shan iska.

“Shan iskar mi?” in ji Alhaji. “Mu da muka zo aiki?”

Amma zafin ya fi na bazararmu, kuma zaman ɗaki ya ishe shi. Ya yarda.

Hanyar hawa ce tun safe har la'asar, a murɗe kamar igiya. In ka leƙa taga sai ka hango motar da ke bayanku a ƙarƙashin ƙafarka. Ni da duk tsawon da na sani a duniya bai wuce hasumiyar Gobarau ba, sai na runtse ido ina salati. Alhaji kuwa goro yake ci yana tambaya, wannan itacen me yake haifa, waɗancan gonakin da aka yanka a jikin dutse kamar matakala me ake shukawa a ciki.

Garin ɗan ƙarami ne, manne a gefen dutse, gidajen katako masu jan kwano, gidan wani a saman rufin wani. Itatuwan dogaye ne miƙaƙƙu, ga ƙamshi. Titi ɗaya ne babba, cike da masu sayar da barguna da shayi da gasasshiyar masara, amare da angwaye suna ta ɗaukar hoto. Aka ba mu ɗaki biyu a jere da baranda ɗaya, barandar kuma tana kallon mafitar rana. Na duba na ce wa Alhaji mun yi sa'a, ba sai mun karkata darduma ba.

A barandar nan muke sallah, shi a gaba ni a baya. Da asuba in mun idar sai ya lulluɓa da bargo ya zauna yana lazimi har gari ya waye. Can nesa akwai jerin duwatsu farare fat da dusar ƙanƙara. Rana kan fara taɓa kan mafi tsawonsu, ya yi ja, sannan hasken ya gangaro a hankali. Ran farko Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ikon Allah! Malam, ka ga mutanen nan, alƙiblarsu ma abin kallo ce.” Na ji daɗi kamar ni na dasa duwatsun.

A kwanakin nan wani abu ya sassauta tsakaninmu. Da farko abinci ne. Ya tarar da ni a bayan masauki ina cusa burodi a tsaye kamar ɓarawo. Da aka jima ya shimfiɗa takardar kilishi a baranda ya turo gabana.

“Ci, Malam. Nan babu wanda ya san mu, balle shi kai labari.”

Na ɗauki ɗan yanki na juya gefe na ci. Ya yi dariya har da tari.

Sai kuma wasannin garin. Na zaci ni zan riƙa lallashinsa, ashe ni za a ja. Akwai wani kogi mai gudu a ƙasan garin, ruwansa kamar an fito da shi daga firji, an ɗaura igiyar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan da kwando a rataye. Mutum ya shiga, a jawo shi ta saman ruwan. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya shige, hula a hannu, ya je ya dawo, ya ce a sake. Ni kuwa da na shiga, tsakiyar kogin na karanta duk addu'ar da na sani. Da ƙyar na sauko. Ya dube ni ya ce, “Kai da ke koya wa yara koguna?” Daga baya, da na warware wata rigima tsakaninsa da mai kwandon cikin Turanci, na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, “Ashe bokon nan yana da rana.” Wallahi ranar ban san inda zan sa kaina ba don murna.

Kwana na huɗu muka hau wajen ƙanƙarar. Da wasu 'yan dawakai gajeru masu gashi ake zuwa. Alhaji ya zagaya nasa ya ce wannan ai jaki ne ya samu gata. Amma dokin ya san hanyarsa, ya bi gefen rami da mu awa biyu bai yi tuntuɓe ba. A sama muka tarar da fili fari, ido ba ya iya kallonsa sosai. Alhaji ya dumbuzi ƙanƙarar ya matse, ya ɗanɗana, ya ce babu gishiri. Akwai masu wani katako kamar ƙaramin gado marar ƙafa, ka zauna, mai shi ya zauna a gabanka, ku sulalo daga tudu a guje. Wanda ya ɗauke mu wani siriri ne mai gemu ja da lalle. Da ya ji Alhaji ya yi bisimilla sai ya waiwayo ya yi mana sallama cikakkiya. Shi ne Musulmi na farko da muka gani. Alhaji ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, ya ba shi goro, mutumin ya gutsura ya yamutsa fuska.

Sau uku suka sulalo, Alhaji yana kabbara rigarsa tana tashi. Da azahar ta yi muka sami wani falalen dutse muka yi sallah yadda muka saba. Mai katakon yana can ƙasa da wasu baƙi, bai gan mu ba. Alhaji ya shiga wata bukka shan shayi, ni na tsaya waje.

Sai na hango mutumin ya hawo, ya shimfiɗa bargonsa ya ta da sallah, ya ba wajen da muka kalla baya. Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, dubi bawan Allah, ga gemu ga lalle, amma ko alƙibla bai sani ba. Na jira ya sallame, na je da niyyar gyara. Turancinsa kaɗan ne. Na nuna mashi mafitar rana na ce Makka. Ya girgiza kai yana murmushi, ya nuna mafaɗarta ya ce Makka. Na sake nunawa, ya sake nunawa. Haushi ya kama ni, na tsinci kara na durƙusa zan yi mashi darasi a kan ƙanƙara. Na zana Afirka. Na ɗiga Katsina. Na zana ƙasar Larabawa a damanta, na ɗiga Makka. Na ci gaba dama na zana Indiya. Ina ɗiga inda muke, hannuna ya tsaya.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana bakwai ke nan tun daga garin maƙera muna ba Ka'aba baya, ni da dattijon da aka sani a Ƙofar Durbi da sahun farko. Mutumin ya duba zanen, ya dubi fuskata, ya dafa kafaɗata ya tafi abinsa. Na sa ƙafa na shafe taswirar kafin Alhaji ya fito.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in shiga bukkar in faɗa mashi. Taku goma ne. Amma ta yaya? A gida, magana irin wannan ba ta fita daga bakina zuwa kunnensa. Matata zan faɗa wa, ta faɗa wa Hajiya, Hajiya ta nemi lokacin da ransa ke sanyi ta saƙa mashi. Ko in tura wani babba. A kan dutsen nan babu matata, babu Hajiya, babu kowa. Ban da haka, ga maganar da ya yi jiya a bakin kogi, ban gama jin daɗinta ba. Ina faɗa, na san mun koma kan alli.

Muka sauko gari. La'asar ta yi, ya shimfiɗa darduma a baranda ya kira ni. Na ce cikina ya ɗan juya, Baba ya yi tasa zan yi daga baya. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na kalli bango ta yamma na yi tawa, ina jin kabbararsa ta taga. Magariba haka. Isha'i haka. Har ya aiko mani da kanwa a jiƙe a kofi, wai ta ciwon ciki, na karɓa na shanye. Da asuba ma na ce ciwon bai sake ni ba.

Da gari ya waye na yi wata dabara ta wauta. Yana wanka, na lallaɓa na juya dardumarsa ta kalli ƙofar ɗaki, wai ko zai tambaya, maganar ta fito da kanta. Ya fito ya gani, ya ja tsaki.

“Mai sharar nan bai san komai ba. Dubi yadda ya juya mani abin sallah.”

Ya mayar da ita yadda take. Ni kuwa na koma ɗaki.

Azahar ta gabato. Na ji ƙarar butarsa, na ji ya fito yana share ruwa daga gemu. Na san in na bari ya ta da wannan ma, ba ni da bakin da zan ƙara kiran kaina Musulmi, balle malami. Na fito na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin baranda kamar yadda nake yi a zaurensa.

“Baba, akwai magana.”

“Cikin ne?”

“A'a. Alƙiblar da na nuna ba daidai ba ce. Ƙasar nan gabas take da Makka. Yamma ya kamata a duba. Kuskurena ne, tun ranar da muka sauka.”

Kaina a ƙasa na faɗe ta. Ya ajiye butar. Sannan ya ce, “La'ilaha illallahu. Ka ga ni ma sau biyu na je Makka, na ga mutanen ƙasar nan da idona, ban taɓa tambayar kaina ta ina suke zuwa ba.” Ya ɗan yi dariya. “To, Malam, abin da aka yi cikin rashin sani, malamai sun ce in lokacinsa ya fita ba a ramawa. Allah ya ga niyya. Tashi.”

Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, “Yaushe ka gane?”

Da na so, da na ce yanzu. Na ce, “Jiya, bayan azahar. A wajen ƙanƙara.”

Ya ƙirga da yatsu a hankali, ina kallon hannunsa. La'asar, magariba, isha'i, asuba.

“Ciwon cikin ke nan?”

Na gyaɗa kai.

“Kai kana ɗaki kana kallon inda ya dace, ni ka bar ni a nan ina kallon dutse.” Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mani sauƙi. “Kunyata ka ji, Malam. Na gode. Amma ba ka ji tausayina ba.”

Ya juya dardumar da kansa, ya ba duwatsun baya, ya fuskanci bangon katako da ƙofar ɗakinsa. Na ce ai Baba ya ce ba a ramawa. Ya ce na kwana bakwai babu wanda ya sani, waɗannan huɗun kuwa akwai wanda ya sani a gidan, zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Ya ta da la'asar ɗin jiya. Hawan dokin ya sa gwiwoyinsa sun kumbura, duk sujadar da zai tashi sai ya dafa ƙasa da hannu biyu ya yi nishi. Ina durƙushe ina kallo har ya yi huɗun, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Da ya gama ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, “Taso mu yi azahar.”

Sauran kwana biyun bai sake ta da maganar ba. Ya ci gaba da turo mani kilishi, na ci gaba da yi mashi tafinta. Amma da safe ya daina zama kallon duwatsu, in ya idar sai ya shige ɗaki. Muka koma garin maƙera, aka loda injuna, muka kamo hanyar gida. Duk tsawon tafiyar ina lissafin yadda labarin zai zagaya Katsina: malamin labarin ƙasa ya kai surukinsa Indiya ya sa shi sallah a baibai. Na san har ɗalibaina sai sun ji.

Washegarin dawowarmu zaurensa ya cika da 'yan sannu da zuwa. 'Yan kasuwa, da maƙwabta, da limamin unguwa. Na zo gaisuwa na durƙusa a wurina na bakin ƙofa, kusa da takalma. Alhaji yana ba da labarin kwandon kogi da ƙanƙarar da babu gishiri, ana ta dariya. Sai liman ya gyara zama ya ce, “To Alhaji, ya kuka yi da sallah a ƙasar da babu masallaci? Ina kuka duba?”

Na kafa ido a kan takalman mutane.

“Yamma,” in ji Alhaji. “Can yamma ake dubawa. Ni da ni kaɗai ne da har na dawo ban sani ba. Malam ne ya gano mana.”

Aka juyo ana dubana, ana cewa madalla, ilimi ya yi rana. Shi kuwa bai dube ni ba, ya miƙa hannu ya ɗauki goro ya ci gaba da labarin dawakai. Har ya koma ga Allah bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, ko ga Hajiya. Matata ma sai bayan rasuwarsa ta ji sauran, daga bakina.